Gyaran Birki Ya Fara Daga Inda Ido Ba Ya Gani

Wani yayi ya shigo tsakanin matasa masu mota: a sa manyan wili, sannan a bar wani jan ƙarfe yana leƙowa ta tsakaninsu ɗauke da sunan Brembo. Brembo kamfanin Italiya ne na gaske, tun 1961 yake aiki, har motocin tsere suna amfani da kayansa. Sai dai da yawa daga abin da muke gani a titi marfi ne kawai aka manna a kan birkin da motar ta zo da shi. Ba ya ƙara ƙarfin tsayawa ko kaɗan, yana ma iya tare iskar da ke sanyaya birkin.

Ina tare da duk mai son inganta birkin motarsa, domin muna da dalili. Motar da aka ƙera don mutum biyar, mu mukan cika ta da fasinja da buhuna, mu hau hanya a zafin Afrilu, mu gangara Hawan Kibo ƙafa na kan birki. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da zai sha ya ninka sau huɗu, haka ma nisan da za a ci kafin a tsaya. Damuwata ita ce inda kuɗin ke tafiya.

A fara da man birki, wanda shi ne mafi araha kuma shi aka fi wulaƙantawa. Man nan yana tsotsar laima daga iska a hankali. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwa sai iyakar ta sauko wajen 155. Da ya tafasa a gangara, tururi ya cika bututu, direba ya taka ya ji feda ta nutse har ƙasa. Abin da ake kira "birki ya tsinke" ke nan a lokuta da dama. Masu ƙera motoci da yawa suna cewa a zubar da shi a sake sabo duk shekara biyu. Mu kuwa ciko muke yi, wani lokaci daga gorar da ta daɗe a buɗe. Kuma kada lambar DOT 5 ta ruɗi kowa ya ɗauka ta fi kyau: haɗinsa daban ne, ba ya gauraya da DOT 3 ko 4, bai kuma dace da mota mai ABS ba.

Sai fad. A Ƙofar Ruwa ko Panteka za a ajiye maka kala uku a kwali iri ɗaya, a ce wannan orijina, wannan na tsakiya, wannan na maneji. A birki babu maneji. Turai tana da ƙa'idar R90, wadda ta wajabta wa fad ɗin canji ya yi aiki kusa da na asali, bambancin kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, kuma ana buga lambar a bayansa. Jabu ma kan kwaikwayi tambari, don haka ka sayi kaya wurin wanda zai karɓa idan ka mayar. A canza ɓangarorin biyu tare, a kuma bi shi a hankali kwanakin farko har ya zauna a kan faifai.

Faifai mai huji-huji da babban kalifa suna da amfaninsu wajen jure zafi, amma ba su ne ke rage nisan tsayawa a taka ɗaya ba. Taya ce ke riƙe kwalta. Wanda ya kashe dubban ɗaruruwa a kan birki alhali tayarsa ta suɗe, ya gina soro a kan yashi. Ƙara wa birkin gaba ƙarfi ba tare da lissafin na baya ba kuma yana ɓata daidaiton da injiniyoyi suka tsara.

A nan nake kira ga hukumar SON ta matsa wa masu shigo da fad da man birki na jabu tun daga tashar jiragen ruwa, domin jami'in FRSC da ke bakin titi yana iya duba taya da fitila, amma ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin tukunyar man birki.