Lambar Yabo Ba Ta Karanta Wa Lebura Takarda

Kowace shekara, albarkacin Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, 8 ga Satumba, hukumar UNESCO kan raba lambobin yabo ga waɗanda suka yi fice wajen koyar da karatu da rubutu. Akwai ta Sarki Sejong, wadda Koriya ta Kudu ke ɗaukar nauyinta, akwai ta Confucius ta ƙasar Sin. Mu ma Kanawa mun taɓa shiga sahu. A 1980 gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, aka buɗe azuzuwa birni da ƙauye, a 1983 kuwa UNESCO ta ba hukumar lambar yabo. Yabon gwani ya zama dole.

To, amma yau fiye da shekara arba'in ke nan manyanmu suna tinƙaho da wannan lamba, sai ka ce gado. Muna gayyatarsu su zo Panshekara da asuba, su ga ayarin leburori masu nufar masana'antun fata na Challawa, wasu Sharaɗa, wasu har Bompai. Nawa ne cikinsu za su iya karanta takardar ɗaukar aikin da suka dangwala wa yatsa? Nawa ne za su gane gargaɗin da ke jikin duron sinadarin jima? Magidanci da furfurarsa sai ya miƙa wa yaro waya a duba masa ko albashi ya shigo! Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta a kansa ba, kowane azzalumi na iya yanke masa lada.

Aikin da aka yi a ajin dare UNESCO ta yaba a 1983. Saboda haka muna kira ga masu masana'antu su ware ɗaki da sa'a guda kullum domin karatun ma'aikata, ƙungiyoyin ƙwadago su sa wannan cikin buƙatunsu, gwamnati kuma ta biya malaman manya a kan kari.

Mu ma ɗalibai ba mu kuɓuta ba, domin gumin talaka ne ya gina jami'ar da muke ciki. Ƙungiyarmu ta buɗe rajistar masu sa kai, a hutun nan mu ɗauki alli mu nufi Panshekara.