Abin da kabarin wata baiwar Allah a York ya faɗa

Gawa ba ta binne kanta. Duk abin da aka tarar a cikin tsohon kabari, rayayyu ne suka zaɓa suka ajiye, domin su faɗa wa duniya ko wane ne mamacin. Da wannan idon ya kamata a dubi maƙabartun Eboracum, birnin da Rumawa suka kafa a arewacin Ingila a shekara ta 71 miladiyya, wanda a yau ake kira York.

Dokar Rumawa ta hana binne gawa a cikin gari, don haka kaburbura suka jeru a bakin hanyoyin da ke shiga birni, matafiyi na wucewa yana karanta sunayen matattu. Da farko ƙona gawa ake yi a zuba tokar a tukunya. Zuwa ƙarni na 3 binnewa ta rinjaya. Akan haɗa mamaci da tukwane, kayan ado, wani lokaci da kuɗin ƙarfe na biyan mai jirgin fiton da suka yi imani zai tsallakar da shi zuwa lahira.

A 1901 aka tono akwatin dutse a York, ɗauke da ƙasusuwan wata matashiya da ta rasu a ƙarni na 4. Tare da ita akwai 'yan kunne, duwatsun wuya, madubi, da ɗan tulun gilashi shuɗi. Akwai kuma awarwaro iri biyu: na baƙin dutse mai sheƙi irin wanda ake samu a gaɓar Whitby da ke kusa, da na hauren giwa. Wani guntun ƙashi da aka sassaƙa yana ɗauke da addu'a irin ta Kiristoci, ga shi kuma an binne ta da kaya bisa tsohuwar al'ada. Sabon addini bai kori al'ada dare ɗaya ba.

A 2010 masana daga Jami'ar Reading suka binciki ƙasusuwan, suka ce alamu na nuna tana da tsatson Arewacin Afirka. Wannan ba abin mamaki ba ne a birnin da Sarki Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, ya rasu a 211.

Mai karatu, nan gizo ke saƙa. Da yawa sun saba ɗauka cewa ɗan Afirka bai taɓa shiga tarihin Turai ba sai da sarƙa a wuya. Akwatin dutse da hauren giwa ba kayan baiwa ba ne. 'Yar manyan gari ce aka yi wa sutura. Daular Rum ta yi bauta mai muni, amma ba launin fata ya raba ɗa da bawa a cikinta ba. Danginta sun so a san darajarta, kuma bayan shekaru fiye da 1,500 saƙonsu ya iso.