Kaska ta ciji mutum, ɗan kasuwa ya tsotse aljihunsa

A shekarar 1975 aka lura da wani ciwon gaɓoɓi da ya addabi yara a garin Layim na ƙasar Amurka. A 1982 masani Willy Burgdorfer ya bayyana ƙwayar cutar, wadda kaska ke zubawa a jikin mutum. In an gano ta da wuri, maganin asibiti na ƴan makonni yakan kashe ta. Amma akwai waɗanda gajiya da ciwon jiki da mantuwa ba su sakinsu har fiye da wata 6 bayan magani. Su ne kasuwa ta yi wa kwanton ɓauna.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Takobin a nan kwalabe ne na garin ganye da saiwa da bitamin. Wata dokar Amurka ta 1994 ta yarda a sayar da su a matsayin ƙarin abinci, ba tare da an tabbatar suna warkarwa ba. A 2020 masu bincike na jami'ar Johns Hopkins suka ga cewa Cryptolepis, saiwar da ake sha a Gana don zazzaɓin cizon sauro, tana kashe ƙwayar a ɗakin gwaji. Nan take dillalai suka mayar da binciken talla. Sai dai kwalbar gwaji ba ta da hanta, ba ta da ƙoda. Sabulu ma yana kashe ƙwayar cuta a kwalba, amma wa zai sha shi?

Likitoci ma da nasu laifin. Duk wanda ya ce wa majinyaci ciwonsa tunani ne kawai, shi ya tura shi hannun dillali.

Maganar ta shafi Sahel. A Senegal da Mali da Muritaniya, wata kaska mai zama a ramin ɓeraye tana haddasa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda ake yawan ɗauka na sauro ne, yana kuma zubar da ciki. Maganinsa yana asibiti. Jinkiri wurin garin kwalba ganganci ne.

Ƙungiyoyin raya al'adu su sani: martabar maganin gargajiya gwaji ke kare ta. Ganyen da Sinawa suka gāda, gwaji ne ya fitar da maganin atemisinin daga cikinsa, har Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Saiwar da mai ita ke gudun a gwada ta, kuɗin majinyaci yake nema.