Ra'ayinmu: Mai Aron Gona Ma Yana Da Haƙƙi

Ɗan'uwa manomi, kafin ka karɓi sabulu ko turmin atamfa daga hannun masu yawon neman ƙuri'a, tsaya ka tambayi kanka: gonar nan da kake nomawa, ta wace ce? In taka ce ta gado, alhamdu lillahi. Amma mu da kai mun sani cewa a ƙauyukanmu akwai magidanta bila adadin da ba su da ko kunya ɗaya tasu ta kansu. Wani aro yake yi, wani haya, wani noma-mu-raba, wani kuwa tasa ce amma tana jingine a hannun mai kuɗi tun shekarar da ya aurar da 'yarsa. Maganarsu muke so mu yi yau.

Wannan abu ba jiya ya fara ba. Kafin zuwan Turawa, manyan masu sarauta da attajirai suna da rumada a ƙasar Kano da Zazzau da Sakkwato. Bawan rinji yakan yi aiki a gandun ubangijinsa tun hantsi har azahar, sa'an nan a bar shi ya je 'yar gayaunarsa da sauran ƙarfin da ya rage masa. In yana son ya yi aikin kansa sai ya biya murgu. Da Lugga ya yi shela cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, ba bawa ba, kuma aka soke bauta gaba ɗaya a 1936, an 'yanta mutum amma ba a ba shi ƙasa ba. To, ina zai je? Sai ya zauna inda yake, yana noma gonar da ubansa ya sassabe, in kaka ta yi ya kai dammuna gidan tsohon ubangiji. A ƙasar Zazzau galla ake kiran wannan. Sunan ne ya sake, damin kuwa bai sake hanya ba.

Su ma 'ya'yan talakawa ba su tsira ba. Ka tambayi tsofaffin garinku labarin gandun sarki da na hakimi, yadda ake tashin samari da fartanyunsu ranar da ruwan shuka ya sauka, tasu gonar na kwance. Ga haraji, ga jangali. Wanda ya kasa biya sai ya jinginar da gona, jingina kuwa kowa ya san halinta: mai kuɗi yana cin amfani shekara da shekaru, bashin yana nan daram, ko kwabo bai ragu ba. Wannan danniya ce ta sa talakawa suka rungumi NEPU da aka kafa a Kano a 1950, har aka ɗaure wasu aka yi wa wasu bulala. Kuma da ƙuri'a ne, ba da roƙo ba, aka soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979, zamanin Abubakar Rimi da Balarabe Musa.

Yanzu mu duba dokoki. Dokar Turawa ta 1910 ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta mayar da ita hannun Minista. Dokar soja ta 1978, wadda har yau tana cikin tsarin mulki, ta ce tana hannun gwamnan jiha bisa amana, ƙaramar hukuma kuma tana iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma. Hekta 500, jama'a! Duk gardamar a kan wa ke riƙe da ƙasa ce. Shi wanda ya ari gona ya kai mata taki a kan jaki shekara uku har ta farfaɗo, sa'an nan mai ita ya ce "bana da kaina zan noma", wa ya tuna da shi? Yarjejeniyarsa ta baka ce, shaidunsa dattawa biyu, ɗaya ya rasu.

In kuma gwamnati ta karɓi fili, diyyar amfanin gona da gini take biya, ba ta ƙasar ba. Mutanen Bakolori sun ga wannan da idonsu: da suka tsaya kan a biya su haƙƙinsu saboda madatsar ruwa, sai aka aika musu da 'yan sanda a watan Afrilu na 1980, aka kashe manoma da dama. In masu gonar gado sun sha haka, ina ga mai aro wanda sunansa ba ya cikin kowace takarda?

Ba mu ce mai gona ba shi da haƙƙi ba. Da yawa cikin masu ba da haya marayu ne da mata masu takaba, da ita suke ci. Rubutu zai kare su kamar yadda zai kare ka. Abin da jam'iyyarmu za ta kai majalisar jiha ke nan: kowace haya ko jingina a rubuta ta a gaban mai unguwa, da boko ko da ajami, kyauta, kowa ya riƙe tasa takardar. Kada a tashi manomi daga gona tsakanin shuka da girbi. In za a karɓe ta, a gaya masa tun kaka, a biya shi takin da ya zuba. Jingina kuma a yanka mata wa'adi, abin da mai kuɗi ya ci a cire shi daga bashin.

Za su ce maka sai an gyara tsarin mulki. Ƙarya ce. Gyaran dokar 1978 ne ke bukatar majalisar tarayya da majalisun jihohi 24, amma dokar haya aikin majalisar jiharku ce. Saboda haka ranar zaɓe kada ka dangwala wa shugaban ƙasa da gwamna ka ce ka gama. Takardar ɗan majalisar jiha ita ce ta gonarka. Duk ɗan takarar da ya zo dandalin garinku, ka ɗaga hannu ka tambaye shi a gaban jama'a ko zai sa hannu a wannan doka.