Mai buga gem daban, mai ƙera shi daban

Ka ambaci koyar da ƙirar wasan kwamfuta ko haɗa katun a sakandare a gaban iyaye da malamai, ka ga yadda fuskoki za su sauya. Amsar ɗaya ce kamar an haɗa baki: yaran da ba su iya dogon rabawa ba, ba su iya rubuta takardar neman aiki ba, su ne za a zaunar a koya wa gem? A gyara tushe tukuna. Wannan kayan 'yan gata ne, na makarantun Amurka da Ingila inda ba a ɗauke wuta. Wani kuma ya ƙara da cewa ai gem ɗin ne ya lalata yaran tun farko: yaro ya kwana a kan waya, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji, sai kuma a kai masa cutar har cikin jadawali?

Wannan ra'ayi ya samu karɓuwa ne domin yana da kamannin dattako. Kuskure ne, kuma ɗan talaka ya fi kowa shan wahalarsa, domin ɗan mai hali yana da kwamfuta a ɗakinsa ko makaranta ta yarda ko ta ƙi.

Masu wannan magana sun haɗa mutum biyu sun mai da su ɗaya. Mai sa riga ba tela ba ne. Yaron da ke buga gem an gama yi masa tunani, nasa danna maɓalli. Yaron da aka ce ya ƙera gem kuwa an jefa shi cikin aikin da ya fi duk abin da ke cikin littafinsa na lissafi tsauri, sai dai shi bai san lissafi yake yi ba sai ya yi nisa.

Ɗauki Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar wa yara a 2007. Kyauta ce, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita babu intanet. Filin da yaro zai gina wasansa a ciki a aune yake: daga -240 zuwa 240 a kwance, daga -180 zuwa 180 a tsaye. Ɗalibin da ya daɗe yana jin labarin lambobin da ke ƙasa da sifili bai gane inda aka dosa ba, a zama ɗaya zai gane, domin yana so kyanwar da ke cikin wasansa ta tafi hagu, kuma ba za ta tafi ba sai ya ba ta lambar da ta dace. Sai ya so ta yi tsalle. Karon farko za ta tashi sama ta ƙi dawowa. Zai yi ta fama har ya gano cewa dole ya riƙa rage mata saurin tashi kaɗan-kaɗan, saurin ya kai sifili, ya juya ya zama na faɗowa. To wannan shi ne jan da ƙasa ke yi wa duk abin da aka jefa sama, darasin da malamin Fiziks ke rubutawa a allo yara na kwafa ba tare da sun taɓa ganin amfaninsa ba. In ya so ya san ko kibiya ta sami barewa, sai ya auna tazarar da ke tsakaninsu, ga Pythagoras ya shigo ba sallama. In ya so kibiyar ta tafi a karkace, ga kusurwa da sayin da kosayin.

Abin da ya fi burge ni shi ne irin mai duba aikin. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, ba a saya mata kati, ba a shigar mata da satar amsa cikin safa. In lissafinka ya karkace, ɗan wasanka zai nutse cikin ƙasa a gaban abokanka, su yi maka dariya, ka koma ka nemo inda ka ɓata. A tsarin da yaro ke iya fita da sakamako mai kyau a Lissafi alhali bai iya kason ɗari ba, ina wata jarrabawa da ta kai wannan gaskiya? Masu cewa a gyara tushe tukuna ba su faɗa mana da me za a gyara shi ba. Da ƙarin hadda? Ita muka shekara da shekaru muna yi, ga sakamakon nan kowa na gani.

Kuma kada a manta, darasin kwamfuta ya daɗe a jadawalinmu. Yadda ake koyar da shi ne abin kuka: a rubuta ma'anar kwamfuta a allo, a lissafa zuriyoyinta biyar, a zana linzami, yara su haddace. A 2018 hoton wani malami a Ghana ya zaga duniya yana zana fuskar Microsoft Word da alli kala-kala domin makarantarsa ba ta da na'urar. Duniya ta yaba masa, ya kuma cancanci yabo, amma hoton tuhuma ne a kan duk wanda ke tsara ilimi a yankin nan. A Nijeriya tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, har yau kuma akwai ɗaliban da ranar jarrabawa ko jajibirinta ne hannunsu ya fara taɓa linzami. Darasin da ke tilasta wa yaro ya ƙera abu shi kaɗai ne ba zai koyu a allo ba, shi ya sa ya fi sauran amfani wajen tona asirin makarantar da ta kulle kwamfutocinta a ofishin shugaba suna shan ƙura.

Sai batun tsada. A da gaskiya ne, manhajojin haɗa katun kuɗinsu ya fi ƙarfin makarantar gwamnati. Yanzu labari ya sha bamban. Blender kyauta take tun 2002. Da ita aka haɗa fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, wato ba ta kama ƙafar birnin Kano ba. A watan Maris na 2025 fim ɗin ya ci lambar Oscar ta katun mafi kyau, ya kayar da na Pixar da na DreamWorks masu kasafin da ya ninka nasa sau da yawa. Daraktansa, Gints Zilbalodis, tun yana ɗan sakandare ya fara haɗa gajerun katun da kansa. Godot, da ake gina wasanni da ita, ita ma kyauta ce. Wuta da na'ura matsala ce ta gaske, ban musa ba, amma kwamfuta goma da faranti mai amfani da hasken rana ba su kai kuɗin katangar da ake sake yi wa fenti duk lokacin da babban baƙo zai zo ba.

Wanda kuma ya ce abin na Turawa ne, ya tambayi mutanen Tawa labarin Moustapha Alassane. An haife shi a Nijar a 1942, ya fara da kanikanci, ya riƙa nuna wa mutane zanensa da hasken fitila kafin ya san kyamara. Ya haɗu da mai shirya fim Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin mai haɗa katun Norman McLaren, ya dawo ya yi Bon Voyage Sim a 1966, katun na kwaɗi da ke yi wa shugabannin Afirka da tafiye-tafiyensu na alfarma shaguɓe. Daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu, da makaɗa da 'yan kallo. A Tawa ya zauna yana aikinsa da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, ya rasu a 2015. Ana lissafa shi cikin iyayen katun a Afirka, ana nuna finafinansa a Turai da Amurka. Ɗalibai nawa ne a Maraɗi ko Katsina suka taɓa jin sunansa a aji? Yaranmu na kallon katun na Japan da Amurka da Indiya dare da rana, Gizo da Ƙoƙi kuwa suna nan inda kaka ta bar su. 'Yan Maleshiya Musulmi ne kamar mu, amma tun 2007 suka fito da Upin & Ipin, wanda ya fara da labarin yara biyu masu koyon azumi, sannan ga Omar & Hana da ya shiga gidajen Musulmi a ƙasashe da dama. Wanda ke da damuwa ta addini kan zanen masu rai, damuwarsa abar saurare ce, malamai kuma sun tattauna ta. Amma ba ta hana ƙirar wasan lissafi, ko taswira, ko haruffa masu motsi, kuma ba ta hana yaran kallon abin da wasu suka zana musu da tarbiyyar wasu.

Shi kansa katun horo ne mai wuya. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Ko an ninka kowane zane sau biyu, minti ɗaya yana cin zane 720. Yarinyar da aka ce ta zana mace tana daka dole ta je ta tsaya ta duba: yaushe gwiwa ke lanƙwashewa, ina nauyin jiki yake sa'ad da taɓarya ke sama, me zani ke yi. Ba wani darasi a sakandarenmu da ke koya wa yaro kallon abu da idon basira haka. Ƙirar wasa ma ba sai da na'ura ake fara ta ba. A ba yara dara mai gida talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, a ce su sauya doka ɗaya, misali a halatta jera huɗu, su buga su ga ko wasan ya gyaru ko ya mutu, su rubuta dalili. Ƙasa da tsakuwa kawai ake bukata.

Tsoron jarabar gem kuwa ba ƙarya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka a 2019, Beljiyam kuma tun 2018 ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saya cikin wasanni a matsayin caca. Amma wa ya fi tsira daga tarkon, wanda bai san yadda aka ɗana shi ba ko wanda ya taɓa ɗanawa? Ɗalibin da ya rubuta da hannunsa cewa kyauta ta fito sau ɗaya cikin ɗari, ya ga yadda ƙara da walƙiya ke sa abokinsa ya sake dannawa, shi ne zai kalli manhajar cacar ƙwallo a wayar yayansa ya san cewa mai gidan caca ya gama lissafinsa tun kafin a zuba kuɗi. Wa'azi na hana wasu. Wannan sanin na hana wasu da wa'azin bai kai gare su ba.

Magoya bayan darasin ma suna da nasu laifin, domin da bakinsu suke ba masu suka makami. Da an taɓa su sai su kawo biliyoyin dalolin da masana'antar gem ke juyawa, su yi wa yara alkawarin aiki. Alkawarin banza ne. A watan Janairun 2024 kaɗai Microsoft ta sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanninta, Unity ta sallami kusan 1,800. A shekarar Sony ta rage kimanin 900, Pixar ma ta rage nata. Akwai kamfanoni a kusa da mu, Maliyo a Legas, Leti Arts a Akara, Kiro'o a Yawunde da ya fitar da wasan Aurion a 2016, amma duka ba za su ɗauki ɗaliban makaranta ɗaya ba. Ba domin kowa ya zama mawallafi ake koyar da insha'i ba. Wanda ya sayar da wannan aji da sunan hanyar kuɗi, ranar da kuɗin bai zo ba shi zai fara rufe shi.

A 2025 gwamnatin Nijeriya ta sanar da sabon tsarin karatu da ya ƙara wa sakandare darussan fasahar zamani. Fargabata ba ta masu adawa ba ce, ta masu aiwatarwa ce: za su buga littafi mai babi goma, babi na farko ma'anar wasa, na biyu tarihin wasa, na uku ire-iren wasa, a fitar da tambayoyi hamsin na zaɓi ɗaya cikin huɗu, a ce an koyar. In za a yi, to makin ya rataya a kan abin da ɗalibi ya ƙera: wasan da ke tafiya na minti biyu ba tare da ya tsaya ba, ko katun na daƙiƙa talatin da muryar Hausa. A kirawo 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare su buga, su kalla, malami ya zauna a gefe da biro yana rubuta inda suka rikice da inda suka nemi a sake.