Kwalbar Inna da takardar da ba wanda ya karanta mata

Ni ne na sayi maganin. Bari in fara da wannan, don kada wani ya ce na zo ɗora wa mutane laifi alhali ni ma ina da kashi a gindi.

A hunturun bara Inna ta fara kukan ido. Ba irin afolon nan ba ne mai ja da kwantsa. Cewa take kamar an zuba mata rairai a ciki, da safe sai ta yi ta murzawa kafin ya buɗe sosai, in kuwa ta zauna gaban murhu hawaye ya dinga zuba ke nan. Wanda ya san Takieta a watan Janairu ya san ƙurar da nake nufi: ga hazo, ga manyan motoci suna ratsa gari dare da rana, masu wucewa Damagaram da masu karyawa hanyar Matamaye. Ƙanena ya kawo ta nan Damagaram, tafiyar kilomita wajen 50, aka duba ta a wani asibiti, aka ce bushewar ido ce. Ita kanta sai da ta yi dariya, wai idon da ke zubar da ruwa ne ya bushe? Ashe haka abin yake, in saman ido ya bushe ya ji zafi, shi ke sa hawaye ya ɓalle. Aka rubuta ordonans. Na karɓa, na je farmasi, na biya, na miƙa mata leda a tasha. Iyakar abin da na ce mata shi ne, "Inna, ɗigo ɗaya, sau huɗu a rana." Ta ce Allah ya yi albarka. Na koma harkokina ina jin na sauke nauyi.

Bayan kamar sati uku fatar idonta ta fara ƙaiƙayi. Ta yi ja, ta kumbura, ƙananan ƙuraje suka feso a gefe, har fatar ta soma saɓa. Kun san gidajenmu. Nan take aka kafa majalisa. Gwaggo ta ce kwalli ne, a daina sa shi. Aka daina, ba sauƙi. Wata ta ce borin jini ne, wata ta ce sanyi, wata kuma ta rage murya ta ce a dai yi addu'a, don bakin mutane ba shi da kyau. Duk cikinsu ba wadda ta kalli kwalbar nan da tuhuma. Yaya za a yi? Ai lokotoro ne ya rubuta, ɗanta ɗan jami'a ne ya saya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da Inna ta ga abin yana ƙaruwa, sai ta ƙara yawan ɗigawa. A tunaninta ciwon ne ya fi ƙarfin maganin.

Sai wata maƙwabciya, mace mai kirki wallahi, ta kawo mata wata ƴar kwalba da ta saya wajen masu tallar magani a kasuwa. Ta ce da shi take yi wa jikanta in idonsa ya yi ja. Kwana biyu kumburin ya saɓe, ƙaiƙayin ya kwanta. Gida ya ɗauki murna. Inna ta riƙe kwalbar nan gam, in ta ƙare a sayo wata, har kusan wata biyu.

Suna ne ya kai ni gida. Na tarar da kwalaben biyu a bakin taga, rana tana dukansu. A cikin kwalin na farko ga takardar nan a naɗe yadda ta fito daga kamfani, ba wanda ya taɓa warware ta. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Kai yaron nan, wannan ai ta ku ce ƴan lakwal." Na zauna kan tabarma na warware. Faransanci ne tsantsa, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan tururuwa. Can ƙasa, a sashen illolin magani, ga shi a rubuce ƙarara: ja, ƙaiƙayi, kumburin fatar ido, kuma in an ga haka a dakata a koma wajen likita. Sati uku tana shan wuya, wata biyu tana ɗiga abin da ba ta sani ba, amsar kuwa tana cikin ɗakinta a naɗe.

Da muka koma wajen masu duba ido, ga abin da aka yi mana bayani, na kuma bi na ƙara karantawa. Mafi yawan magungunan ɗigawa da ke cikin kwalba ana sa musu wani sinadari don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa bayan an buɗe. Wanda aka fi amfani da shi, a jikin kwali za ku ga an rubuta chlorure de benzalkonium. Yana aikinsa, amma shi ma yana iya cin saman ido in an yawaita, har ya ƙara bushewar da aka zo magancewa, wasu kuma fatarsu ba ta ɗaukarsa sam. Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin mutum, ɗigon da ya malalo ya kwanta a kanta sau huɗu, sau shida a rana, ba abin mamaki ba ne ta yi bore. Kuma irin wannan boren ba ya zuwa ranar farko, yakan ɗauki kwanaki ko makonni, shi ya sa mutum ba ya haɗa shi da maganin. Likitan ya ce shi ya fi zargi. Ya canza mata zuwa irin wanda ba shi da wannan sinadari, mai ƴan ƙananan robobi da ake fasa ɗaya a yar. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, wannan ma wata magana ce.

Amma kwalba ta biyu ce ta sa likitan ya ajiye biro ya dube ni. Dexaméthasone ne a ciki, dangin kortizon, haɗe da néomycine. Kortizon gwani ne wajen kwantar da ja da kumburi, shi ya sa mutane suke yabonsa. Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba, don shi ma bai sani ba, shi ne in aka ɗauki makonni ana ɗiga shi, wajen mutum ɗaya cikin uku ƙarfin ruwan cikin idonsa yakan hau, yara kuma sun fi saurin kamuwa. In hawan ya daɗe sai ya cinye jijiyar gani a hankali, ba zafi ba zogi. Wannan shi ne hawan jinin ido, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yana iya kawo yanar ido. In kuwa akwai gyambo a baƙin ido, yana iya hura masa wuta har a ƙare da hakiya. Shi kansa néomycine ɗin yana cikin magungunan da aka sani da fesa wa mutane ƙuraje a fata. Aka auna idon Inna, na dama ya hau. Allah ya sa an tare shi da wuri.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Ba labarin gidanmu nake so ku tausaya wa ba. Cewa nake, bayanin illar magani haƙƙin majinyaci ne, daidai da maganin kansa, kuma bayanin da aka yi da harshen da mutum ba ya ji, ba a yi shi ba. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Mun yi tafi, mun cika Facebook da murna. Amma tsohuwa a Takieta ko Tirmini har yau tana karɓar kwali da takardar da ba za ta iya karanta ko kalma ɗaya a ciki ba, game da abin da za ta zuba a idonta. Ni a wurina nan ne za a gane ko maganar harshen ƙasa ta sauko daga takarda.

Na san abin da wasu ma'aikatan lafiya za su ce, abokaina ne da yawa, mun yi wannan gardamar a fada ba sau ɗaya ba. Na farko, lokaci. Majo ɗaya a CSI, layi har bakin ƙofa, ina ya ga sararin yi wa kowa lacca? Gaskiya ne, ba na musu. Amma abin da Inna ke bukata bai kai minti ɗaya ba: in kin ga fatar ido ta yi ja ko tana ƙaiƙayi, ki tsaya ki dawo, kada ki ɗiga na wani. Jimla ɗaya ce. Kuɗin mota da muka kashe zuwa da dawowa, da layin da ta sake bi, da lokacin likitan da ya sake duba ta, duk sun fi minti ɗayan nan tsada.

Na biyu kuwa shi ne wanda ke tayar mini da hankali. Wai in ka faɗa wa mutanen karkara illar magani za su tsorata su ƙi sha. Haba. Wannan raini ne aka yi masa kwalliya. Matar da ta san wane iri na hatsi ke jure fari, ta san lokacin da akuya ke shirin ɓari, ita ce ba za ta gane "in kin ga kaza ki dawo" ba? Kuma mu a jihar Damagaram muna da shaida a hannu. Shekara da shekaru ana yaƙi da amodari a nan, ciwon da ke juyar da gashin ido ciki ya yi ta gogar ƙwayar har mutum ya makance. Masu rabon magani sun bi gida gida da sandar awon tsayi, suna bayani da Hausa, suna cewa a wanke wa yara fuska, suna gargaɗi cewa maganin na iya ɗan murɗa ciki. Mutane sun ji, sun karɓa, sun sha. Ke nan mun iya. In an ga dama ana yi. Abin da ke sa mutum ya guji asibiti shi ne ya sha wuya ba a gargaɗe shi ba, sai ya ce maganin likita bai karɓe shi ba, ya koma wajen mai tire a ka.

Kada kuma a ce matsalar talauci ce kawai. A 2023 a Amurka, wani maganin bushewar ido mai suna EzriCare, wanda aka sarrafa a Indiya, ya gurɓata da ƙwayar cuta mai taurin kai. Mutum 81 suka kamu a jihohi 18, huɗu suka mutu, huɗu aka cire musu ido. Ƙasa mai arziki ke nan. Bambancinsu da mu shi ne an gano. Likitoci sun kai rahoto, aka haɗa wannan da wancan, aka janye maganin daga kasuwa. Tsarin kai rahoton illar magani na Hukumar Lafiya ta Duniya ya faro tun 1968, bayan maganin talidomid ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, kuma ƙasarmu tana cikinsa. Amma tsarin nan ba ya aiki sai wani ya buɗe baki. Kumburin idon Inna, da ban je suna ba, da ya ƙare a matsayin kwalli ko bakin mutane. Mata nawa ne irinta daga nan zuwa Magarya? In wani kwali mara kyau ya shigo ta kan iyaka gobe, ta ina za a sani? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko bai cika inganci ba. A Janairun 2020 Nijar na cikin ƙasashen da suka amince a Lome za su tsananta hukunci kan fataucin jabun magani. Ku shiga kowace kasuwar ƙauye ku duba tiren da ke shan rana.

Ba na zagin mai talla. Yana nan ne saboda farmasi ya yi nisa, ya yi tsada, kuma shi aƙalla yana magana da Hausa, yana sauraro, yana ba da bashi. Duk wanda ke son ya raba mutane da shi sai ya fi shi iya magana da su.

Abin da nake nema wajen hukumomin lafiya ba gini ba ne, ba mota ba. A sa doka cewa mai ba da magani ya faɗi manyan illolinsa da baki, da harshen mai karɓa. Maganin ido mai kortizon kada ya fita sai da ordonans, a kuma bi kasuwanni a tabbatar. Gidajen rediyon karkara da ke sanar da ɗaurin aure da ɓatan dabbobi, a ba su wannan saƙon ma.

Mu kuma da muka yi lakwal, mu da muke aika leda gida muna jin mun yi zumunci, kafin ka miƙa, warware takardar. Karanta. Ɗauki waya ka yi saƙon murya na minti biyu da Hausa: ga yadda ake ɗigawa, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa, a goge abin da ya malalo kan fata, a ajiye a inuwa, in ta yi wata ɗaya da buɗewa a yar, ba a raba kwalba ɗaya da kowa, in an ga kaza a tsaya a kira ni. Ni ban yi ba. Digirina bai hana ni miƙa wa uwata kwalba kamar mai miƙa goro ba.

Fatar idon Inna ta warke, ta koma sa kwallinta. Wata mai zuwa za mu dawo a sake auna na daman. Da na je yi wa maƙwabciyarmu bayani, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta gode, sannan ta ce, "To ɗana, in idon yaron ya sake ja, kuɗin motar Damagaram kai za ka ba ni?" Jikan nata shekararsa shida. Na ce ta bari in kai shi a auna, ta ce sai an gama aikin gona.