Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Yawon Buɗe Ido da Gwamnan Jahar Dosso



Ni ɗan Arewa ne, a gindin tsaunin da ya ba Dogon Dutsi suna aka yanke mini cibiya. Abin da na gani a Lugu ranin da ya wuce shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin har yau yana ci mini rai.

Ina zaune a garin, cikin ƙasar Dankasari, sai ga mota shaƙe da baƙi daga Yamai, ɗalibai da manya, wani mai shirya tafiye-tafiye ya kwaso su, kowa ya biya kuɗinsa. Suka nemi mai ba da tarihi, aka kira baffana. Dattijon ya ajiye igiyar da yake tufka, ya shige gaba cikin tsakar rana. Ya nuna musu inda mayaƙan Sarauniya Mangu suka ja daga da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, ya hau da su kan duwatsu yana haki. Awa uku cur. Suka sha hoto, suka buɗe kulolin shinkafar da suka taho da ita, har ruwan leda daga Yamai suka ɗauko. Wata yarinya ta yi ta kewaya su da ƙwaryar fura, ko ludayi ɗaya ba wanda ya saya. Da za su tashi, mai tafiyar ya ce, "Baba, mun gode," ya ja ƙofar mota. Baffana ya koma gida a ƙafa, yana tsince ledojin da iska ta maƙala a ƙaya don kada awaki su ci.

Ranku ya daɗe, yawon buɗe idon da ake mana albishir da shi ke nan?

Sunan Sarauniya ya yi kasuwa a ko'ina, ban da garinta. Abdoulaye Mamani ya yi littafi a kanta a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Yau har lambar girma ta ƙasa akwai mai sunanta. Tun 2006 Lugu take cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. Amma ni ban ga ko rumfa ɗaya da baƙo zai tsaya ya sayi tsaraba ba.

Na san Turawa sun ɗauke ƙafa tun kisan mutum 8 a dajin raƙuman dawa na Kure a watan Agustan 2020. Masu zuwa yanzu 'ya'yanmu ne, suna neman tarihin kakanninsu, kuma wannan yana faranta mini. Sai dai kuɗin nasu a Yamai yake kwana, saboda ba wanda ya kafa wa masu kawo su ƙa'ida.

Roƙona shi ne a yanka kuɗin jagora tsayayye, ya shiga hannun mutanen gari kai tsaye. A horar da samarinmu su ɗauki tarihi daga bakin tsofaffi tun suna raye. A tsara zagaye daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Bagaji da dutsen Tunguma da Lugu, yadda dole baƙo ya kwana a Arewa, ya ci dankalin lambunan Tafkin Saw, ya hau kabu-kabun yaranmu. Wuraren gargajiya kuma a nemi izinin masu su kafin a ɗaga waya. Ɓangaren Tibiri ma kada a manta da shi, babbar kwalta ta ratsa ta Kore Mairuwa, motoci na wucewa fuu.

Na ji irin waɗannan shawarwari a taruka, na kuma ga inda suka ƙare, shi ya sa jikina ya yi sanyi. Duk da haka na rubuto. Baffana dai ya ce idan wata motar ta zo, a gaya musu ya tafi gona.

Naku mai biyayya,
Wani ɗan Dogon Dutsi